Ƙafar Rifkatu da Bencin Baya

Markus, yayan matata, dattijo a ikilisiyarmu, ya miƙe tsaye ranar Lahadi bayan an gama sanarwa, ya ce ni Habila na yi zina a wurin aikin soja, na kwaso ƙanjamau na zo na zuba wa ƙanwarsa. Bai kira sunan ciwon ba. Ciwon zamani ya ce, kuma babu wanda bai gane ba. Ƙarya ce. Ƙaryar nan ta zaunar da ni wata biyar a bencin baya, ta kuma ci ƙafar matata Rifkatu ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Ina rubuta wannan ne domin duk wanda ya ga nasa yana ramewa ya kai shi asibiti kafin ya kai shi bakin mutane.

Abin ya soma da kaka, shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, shekara uku bayan na ajiye kaki na dawo Rikoto na kama noma. Ƙishirwa ce ta fara. Rifkatu za ta shanye moɗa, kafin ta ajiye ta sake ɗiba. Randar da ke kai mu kwana biyu ta koma ba ta kai yamma. Sai fitsari. A gona, kafin ta yanke zangarniya goma ta zaga bayan kuka. Dariya ma muke yi. Ta ce, "Kofur, ashe kwando ka aura, ka zuba ta sama ya fita ta ƙasa." Na ce kwandon dai nawa ne.

Sati na uku na lura zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Tana cin tuwo fiye da ni, amma kullum ƙasusuwan wuyanta ƙara fitowa suke. A satin ne kututturen karan dawa ya soke ta a tafin ƙafa. Ɗan rami ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta wanke da ruwan gishiri ta ɗaure da tsumma ta koma aiki. Duk matan gona haka suke yi.

Sati na biyar ta kwanta. Matan zumuntar ikilisiya suka zo gaisuwa cikin anko, suka yi waƙa biyu daga bakin ƙofa. Na kawo musu ruwa, babu wadda ta sha. Ɗaya ta ce ba ta jin ƙishi, da tsakar rana, bayan ta tako daga bakin kasuwa. A lokacin ban gane ba. Suka ce jini ne ya ƙare mata, a riƙa haɗa mata lemon malt da madarar gwangwani safe da yamma, a sa zuma a kunu. Sun kawo da hannunsu, Allah ya sani da zuciya ɗaya suka kawo. Da ya ƙare ni na ci gaba da saye. Da hannuna nake fasa gwangwanin, in juya, in ɗaga kanta in ba ta. Ku riƙe wannan, za ku ji abin da nake ba matata.

Lahadin da ta biyo baya ce Markus ya yi maganarsa. Ranar Laraba da la'asar dattawa suka kira ni ɗakin da ke bayan majami'a. Su shida ne da Fasto.

Markus ya ce, "Kowa ya san abin da sojoji suka yi a Saliyo. Sojoji nawa muka binne a garin nan, su da matansu? Ku dubi ƙanwata."

Na ce, "Yaya Markus, ka gan ni da wata mace?"

"Ba sai na gani ba. Jikinta ya faɗa."

Fasto mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya. Ya ce, "Kofur, dukanmu masu zunubi ne. Ka amsa kawai, a sa ka horo wata uku, a karɓe ka. In ka taurare, ba mu san ranar fitarka ba."

Ga wanda bai sani ba, horo a wurinmu shi ne a hana ka cin jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya, a hana ka yin addu'a a gaban jama'a, ka koma benci na ƙarshe kusa da ƙofa inda kowa zai wuce ta gabanka ya san ka yi abin kunya.

Na ce, "Baba Fasto, in na ce na yi abin da ban yi ba, a kan wanne za ku hore ni, zinar ko ƙaryar?"

Sai wani dattijo ya ce to in je a gwada jinina mana, magana ta ƙare. Nan na buga teburi na ce ba wanda zai auna ni kamar buhun dawa. Na faɗi wasu maganganu da ba zan rubuta ba. Suka sa ni horo, suka ƙara da taurin kai.

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa musu ba, don ba Markus kaɗai zan tona ba. Tsoro nake ji. Mace dai ban taɓa ba, shekara ashirin da huɗu na aure, a bariki ko a daji. Amma a Saliyo ƙarfe ya yanke ni a cinya, aka ƙara mini jini leda biyu a cikin tanti, ban san na wane ne ba. In aka gwada aka samu, wa zai yarda da labarin leda? Zan mutu da sunan mazinaci, gaskiyata tana cikin cikina. Saboda haka na ƙi. Wannan tsoron nawa ne, kuma ya ci kwanaki.

Da na dawo gida Rifkatu ta riga ta ji. Tana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Ta ce, "Baban Dauda, zo ka zauna nan. Dube ni." Na dube ta. Ta ce, "Sau ɗaya zan tambaya."

Na ce, "Ban yi ba."

Sai ta ce, "To. Ba ni ruwa." Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Sati na bakwai ina gona Markus ya zo da a-kori-kura ya ɗauke ta zuwa gidansu a Kanya. A al'adarmu in mace ta kwanta ciwo danginta suna da ikon ɗaukarta su yi mata magani, miji ba ya hanawa. Amma ana sallama, ana zama, ana shawara. Shi ko jira na bai yi ba. Na dawo na tarar da tabarma a naɗe. Matar da na yi wa golmo, na yi shekaru ina noma gonar ubansu da abokaina tun ina saurayi kafin a ba ni ita, Markus yana tsaye a kunya ɗaya da ni yana ganin irin mutumin da nake, ita aka ɗauke kamar kayan aro.

Sati huɗu ta yi a Kanya. Duk Asabar nakan hau babur in je. Ba a barina in wuce tsakar gida. Nakan ajiye malt da madara, in gaida tsohuwarsu, in yi magana da Rifkatu ta taga. An kawo wani mai sassaƙe yana dafa mata saiwoyi, yana cuɗawa da zuma saboda ɗaci. Ƙafar kuma ana dandaƙa ganye da man shanu a liƙa. Asabar ta biyu ta ce ba ta jin zafin ƙafar ko kaɗan, suka ce alamar sauƙi ce. Asabar ta uku tun daga taga na ji wari.

Lahadi kuwa ina bencin baya. Ban fasa zuwa sujada ko sau ɗaya ba, don in na daina za su ce kunya ta kore ni. Ranar jibi faranti yakan zo har benci na gabana, mai rabawa ya juya. Mutanen da muka yi waƙa tare a ƙungiyar mawaƙan majami'a suna wucewa suna duban takalmansu. Mai shayi a bakin tasha ya ware mini kofi. Ni da na riƙe bindiga, kofin shayi ya sa ni hawaye a hanya.

Wanda Allah ya aiko ba dattijo ba ne, ba fasto ba. Emeka ne, mai kemis da kayan gwangwani a cikin kasuwa, wanda nake sayen malt a wurinsa. Ran nan na ce ya ba ni katan, sai ya tsaya.

"Oga Soja, kullum malt, kullum malt. Madam ta yi ƙiba?"

Na ce ƙara ramewa take.

"Tana shan ruwa da yawa? Tana fitsari da yawa? Akwai ciwo da ya ƙi warkewa?"

Na ce wa ya gaya maka.

Ya mayar da katan ɗin ƙarƙashin kanta. Ya ce, "Ba zan sayar maka ba. Mamana haka ta yi a gida. Ka je ka duba inda ake zubar da fitsarinta. In ka ga kiyashi, suga ne. Wannan abin da kake ba ta, kashe ta kake yi."

Ban jira Asabar ba. Washegari da safe na isa Kanya, na zaga bayan ɗakin da take, inda ake juye tasar fitsarinta. Wurin baƙi ƙirin da kiyashi, sun yi layi har kan katanga. Na tsuguna a wurin ina kallonsu. Sati shida ina ɗura wa matata guba ina cewa ƙarin jini.

Na shiga ɗakin ban yi sallama ba. Matar Markus ta tare ƙofa tana cewa maigidan ba ya nan, in jira. Na kwance tsumman ƙafar. Yatsu uku sun yi baƙi kamar gawayi. Tsohuwarsu ta leƙo ta gani, ta dafa bango, ta ce, "Habila, ɗauki matarka." Na goya ta a baya har bakin titi. Ba ta kai nauyin ɗaurin itace ba.

A asibiti a Zuru mun iso layin kati ya riga ya kai bakin ƙofa. Na shimfiɗa mata zane a baranda na tsaya. Mutane na toshe hanci suna matsawa. Wata nas ta zo wucewa ta ji warin, ta ɗaga zanen, ta fizge katin daga hannuna ta shigar da mu gaban kowa. Ban san sunanta ba, Allah ya san ta. Aka soki yatsan Rifkatu aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Na'urar ta ƙi nuna lamba. Likita ya ce sugan ya wuce abin da take iya ƙirgawa. Ya ce, "Me take ci?" Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ce, "Wa ya ce a ba ta?" Na ce kowa. Ya ce, "Wa ke ba ta?" Na ce ni.

Sai ya ce tunda ana zancen ƙanjamau a kanmu, za a ɗebi jininmu mu biyu a yi wannan gwajin ma. Na buɗe baki zan yi gardama, Rifkatu ta kama hannun rigata daga kan gado. Ta ce, "Miƙa hannu, Kofur. Ko me ya fito, na riga na ji amsarka." Na miƙa.

Kwana uku muka jira. Rana ta biyu da hantsi na hau dutsen da ke bayan gonata, inda ba mai jina. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, Ubangiji, kai ka san inda ƙafata ta taka da inda ba ta taka ba. Kana tantin nan lokacin da aka sa mini jinin. In na yi abin da suka ce, ka fallasa ni a gaban kowa, kada ka rage komai. In ban yi ba, kada ka bar ni in mutu a bakin Markus. Ba ni da lauya, ba ni da shaida, kai kaɗai ka gani. Na ce ka bincike ni har ƙasa, ba na gudu. Na faɗa da ƙarfi har awakin wani suka watse. Ban ji murya ba, ban ga alama ba. Na sauko da tsorona yadda na hau da shi.

Rana ta uku likita ya buɗe takarda ya ce, "Negetif. Kai da ita." Na ce ya faɗa da Hausa. Ya ce, "Babu." Na fita baranda na zauna a ƙasa.

Murnar ba ta kai awa ɗaya ba. Ya sake kirana ya ce baƙin ya haura idon sawu, aikin ya fi ƙarfin nan, sai Sakkwato. Na sayar da shanun nomana biyu da aladun Rifkatu a rana ɗaya, masu saye sun ga idona sun taya yadda suka ga dama. Muka ɗauki mota. Duk ramin da ta faɗa a hanyar nan sai Rifkatu ta cije zane.

A Sakkwato kwana biyu muna bin layi, daga wannan taga zuwa waccan, hoto nan, jini can. Babban likitan da ya duba ta bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Baba, ƙafa ko rai. Da kun zo wata guda da ya wuce, yatsa kawai za mu cire." Wata guda. Daidai kwanakin Kanya ke nan, daidai kwanakin da nake ɓoye hannuna daga allura. Na kasa sa hannu a takardar amincewa da yanke ƙafar. Rifkatu ta ce, "Su ɗauka. Ta yi yawonta, ta je gona ta je rafi. Kai dai kada ka bari su haɗa da ta daman."

Sati biyar muka yi. A baranda nake kwana tare da sauran masu jinya. Wani Malam Sani, mutumin Bena, yana jinyar mahaifinsa, da ya ji daga Zuru nake ya raba tabarmarsa biyu. In ya tafi salla ni ke duba tsohonsa, in na je sayen magani shi ke zama kusa da Rifkatu yana kore mata ƙuda. A kwano ɗaya muka ci tuwo sati biyar. Bai taɓa tambayata me na yi Allah ya jarrabe ni ba. Daga ikilisiyarmu kuwa Fasto ya kira sau ɗaya ta wayar wani direba. Markus ya aiko da gaisuwa a baki.

Kafin a sallame mu wata nas ta koya mini yin allurar suga a jikin lemo har na ƙware. Ta ce maganin ba ya son zafi, tunda ba mu da firji in sa kwalbar a leda in saka cikin ƙaramin tulu, in binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi. Haka nake yi har yau, safe da yamma. Ba zuma, ba malt, tuwo kaɗan, ganye da yawa. Duk yamma ina duba ƙafar da ta rage tsakanin yatsu kamar mai neman ƙaya.

To ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Rama ba ciwo ɗaya ke kawo ta ba. Ƙishirwa, yawan fitsari, miki da ya ƙi warkewa, ku je a soki yatsa, minti biyar ne. Kada ku ba ramamme zaƙi don ya yi ƙiba. Kuma ko da ɗaya ciwon ne, gwajin bai kashe kowa ba, jira ne ke kisa.

Da muka dawo na kai wa Fasto takardar gwajin. Ya karanta ya ce an gode Allah. Labari ya zo mini cewa Markus ya ce takarda ko a tasha ana sayarwa. Na koma bencina. Wata biyu Rifkatu ta ciko, kumatunta suka dawo, ta fara zuwa sujada da sanduna. Takarda ba ta rufe bakin mutane ba, kumatun ne suka rufe. Matan zumunta suka dawo suna shan ruwan randarmu har suna neman ƙari. Sai Fasto ya tare ni a hanya ya ce Lahadi mai zuwa in koma wurina, in ci jibi, ba sai an yi surutu ba. Na koma na ci, don teburin ba na Markus ba ne. Amma har yau ba a tashi a gaban jama'a an ce an yi mini ƙarya ba.

Allah ya wanke ni, ban musa ba. Sai dai ina da magana da shi da ba ta ƙare ba. Na roƙa ya nuna gaskiyata, ya nuna. Duk safiya ina jin ƙarar sandunan matata a tsakar gida, ina tambayarsa ko babu wata hanyar da ta fi wannan sauƙi. Bai amsa ba tukuna. Ban daina tambaya ba, ban kuma daina zuwa ba.

Wata Asabar da rana ina gyaran rumbu sai ga Markus da zakara a hannu. Ya gaisa, ya tambayi gona, ya tambayi lafiyar ɗanmu Dauda da ke bariki. Sai ya rage murya ya ce, "Habila, abin da ya faru aikin Shaiɗan ne. Ƙanwata ce, hankalina ne ya tashi. Mu Kirista ne. Ka ce ka yafe, a bar maganar nan."

Na sauko daga tsani na tsaya a gabansa. Na ce:

"Yaya Markus, ban ga Shaiɗan ranar ba, kai na gani. Ba zan kai ka kotu ba, ba zan yi maka baki ba, na riga na kai maganar inda ta fi kotu. Kwanakin da na ɓata da tsorona zan amsa su da kaina, kai ma ka shirya amsa naka. Amma ka zo in ce na yafe, kuma ban yafe ba. In na faɗa, ƙarya na yi. Wata biyar na zauna a wulaƙance don na ƙi yin ƙarya in ceci kaina, ba zan yi ta yau don ka ji sanyi ba. Kullum ina roƙon Allah ya ba ni yafewar nan, don na san ana bina ita. Ranar da ya ba ni, da ƙafata zan tako har gidanka in gaya maka. Kafin nan, riƙe zakaranka. Ƙanwarka tana ciki, lokacin wanke mata dungulmi ya yi. Ga ruwan ɗumi can a murhu. Yau kai za ka wanke."